Yadda Muka Koyi Karanta Zane a Duwatsun Birnin Kudu

 Abin da nake so in yi bayani a kansa a wannan fili wani fanni ne na ilmi wanda da yawa daga cikinmu muka ɗauka wasa ne, watau kallon zane. Na san wani zai ce, "To, kallo ma sai an koya wa mutum? Ai duk mai ido ya iya." Ni ma haka na ɗauka har na shiga aji biyar. Abin da ya sauya mini tunani kuwa ba daga Ingila ko Amurka ya zo ba. Yana nan jikin duwatsun Birnin Kudu, waɗanda muke wucewa kullum ba mu ko ɗaga kai mu dube su.

Tambayar da Malam ya yi mana

Ran nan malaminmu na zane ya shigo aji, bai ce da kowa kome ba, sai ya ɗauki alli ya ja layi biyu a allo. Daga ƙasa sun buɗe, suna hawa suna tsukewa, har suka haɗu a wuri guda. A gefensu ya jera turakun wayar lantarki guda shida, na farko dogo, na biye da shi bai kai shi ba, har zuwa na ƙarshe wanda bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Sa'an nan ya juyo ya ce, "Wace turka ce ta fi nisa da ku?"

Muka amsa baki ɗaya, "Ƙaramar, Malam."

Ya kira ni ya ce in zo in taɓa babbar da hannun dama, ƙaramar da hannun hagu. Na taɓa. Ya ce, "Wane hannu ne ya fi nisa da ƙirjinka?" Na duba, na ga duk ɗaya ne, domin dukansu a jikin allo suke. Ya ce, "To, ina nisan da kuka gani ɗazu ya tafi?" Aji ya yi tsit.

Daga nan ya bayyana mana cewa allo da takarda da bango abu biyu kawai suke da shi, tsawo da faɗi. Duniyar da muke ciki kuwa abu uku gare ta: tsawo, da faɗi, da zurfi, watau nisan da ke tsakanin abin da ke kusa da abin da ke can ƙurya. Duk mai zanen da ya ɗauki fensir tilas ya yanke shawarar yadda zai yi da wannan na ukun. Ko dai ya yi dabara ya sa ido ya ga zurfin da babu shi, ko kuwa ya bar shi da gangan domin akwai abin da ya fi damunsa. Wanda ya iya kallon zane shi ne wanda zai duba ya gane wace shawara mai zanen ya yanke, da kuma dalilinsa.

Kafin mu ci gaba, ga wani ɗan gwaji da kowa zai iya yi yanzu. Miƙa hannunka, ka ɗaga babban yatsa, ka saita shi da bakin ƙofa. Rufe idon dama ka duba, sa'an nan ka buɗe shi ka rufe na hagu. Za ka ga yatsan kamar ya yi tsalle. Dalili shi ne tsakanin idanunka akwai tazarar wajen inci biyu da rabi, saboda haka kowane ido da irin hoton da yake ɗauka. Ƙwaƙwalwa ce take haɗa hotunan nan biyu ta fitar da nisa. Amma idan zane ne a takarda, ido biyun abu ɗaya suke gani, wannan taimako ya faɗi ke nan. Shi ya sa mai zane yake neman waɗansu hanyoyi.

Dabaru biyar na nuna nesa da kusa

Ni mutumin ƙasar Gwaram ne, duk hutu sai na bi hanyar da ta tashi daga Birnin Kudu zuwa gida. Tun da Malam ya koya mana dabarun nan, ban sake yin barci a mota ba, don kuwa dukansu biyar suna nan shimfiɗe a bakin hanya.

Ta farko ita ce tarewa. Idan kuka ta tare rabin rumbu, ba sai an gaya maka ba, kukar ce a gaba. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowacce sauƙi, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ku dubi dagi, wanda ake yi a jikin bangon gidajen sarauta da wuyan babbar riga. Zarensa yana hawa kan ɗan'uwansa a nan, ya shige ƙarƙashinsa a can. Babu abin da ya hau wani a zahiri, layi ne kawai aka katse a inda ya dace, ido kuwa ya yarda.

Ta biyu ita ce girma. Abu yana ƙanƙancewa a ido gwargwadon nisansa, kuma da lissafi yake yi, ba da ka ba. Malam ya fita da mu filin ƙwallo, ya zaɓi ɗalibai biyu masu tsawo ɗaya, ya tsayar da ɗaya a yadi 10, ɗayan a yadi 20. Ya ce kowa ya miƙa hannu da fensir a tsaye, ya rufe ido ɗaya, ya auna tsawonsu a jikin fensirin da babban yatsa. Na nesan ya fito rabin na kusan daidai. Da aka kai shi yadi 30 sai ya koma sulusi. Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ran nan muka ga cewa idan an taimake shi da fensir, har mudun ma yana iya zama.

Ta uku ita ce matsayi a jikin takarda. Idan ka tsaya a fili ka dubi garken shanu, ƙafafun na kusa da kai suna ƙasa-ƙasa, na nesa kuwa ƙafafunsu suna matsawa sama, suna kusantar layin nan inda sama take kamar ta taɓa ƙasa. Malam ya kira shi layin ido, domin kullum daidai tsayin idon mai kallo yake. Ka tsuguna, ya sauko tare da kai. Ka hau dutse, ya hau. Saboda haka idan ka gano layin ido a cikin zane, ka gano inda mai zanen ya tsayar da kai.

Ta huɗu ita ce haɗuwar layuka, irin wadda aka yi mana a allo. Bakin titi biyu ba su taɓa haɗuwa ba tun da aka yi kwalta, amma a ido sai ka ga sun tsuke sun haɗu a ɗigo guda a kan layin ido. Haka rufin ajujuwa yake yi, da kunyoyin gona idan ka tsaya a bakinsu.

Ta biyar ita ce dushewar launi. Wannan kam mu 'yan Arewa ba mu bukatar malami a kanta, hazo ya koya mana. Lokacin hunturu, itacen da ke bakin hanya kore ne shar, kana iya ƙirga ganyensa. Na bayansa ya fara yin toka-toka. Duwatsun ƙasar Gwaram da kake hangowa can nesa kuwa sun zama shuɗi-shuɗi, ba ka ganin tsaga ko ɗaya a jikinsu. Dalili shi ne tsakaninka da su akwai iska mai yawa, cike da ƙura da tururi, masu watsa haske. Ko da damina, da sararin sama yake wanke, abin bai ɓace gaba ɗaya ba. Mai zane yakan ƙarfafa launi da layi a gaba, ya sassauta su a baya.

Ban da waɗannan akwai inuwa, wadda take mai da da'ira ta zama ƙwallo, ta kuma nuna ta inda rana take. Sai dai ita jikin abu take nunawa fiye da nisansa.

Daga ina lissafin nan ya fito?

Kada wani ya zaci dabara ta huɗu tare da ɗan Adam aka halicce ta. Ƙirƙiro ta aka yi, kuma an san lokacin. Tushenta yana komawa ga ilmin gani. Wani malami Balarabe, Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya zauna a Alƙahira ya rubuta littafi mai suna Kitabul Manazir. A ciki ya tabbatar da gwaji cewa haske ne yake tasowa daga jikin abubuwa ya shiga ido a miƙe, ba ido ne yake harba haske waje ba kamar yadda waɗansu magabata suka zata. Daga baya aka juya littafin zuwa Latin, malaman Turai suka karanta.

A farkon ƙarni na 15, wani magini na birnin Fulorans a ƙasar Italiya, Filippo Brunelleschi, ya nuna yadda za a zana gini bisa lissafi har ya fito kamar yadda ido yake ganinsa daga wuri guda. A 1435 Leon Battista Alberti ya rubuta ƙa'idodin abin, inda ya kwatanta zane da taga buɗaɗɗiya wadda mutum yake leƙa waje ta cikinta. Daga nan wannan hanya ta bazu a Turai, kuma kusan duk hotunan da ke cikin littattafanmu na makaranta a kanta aka gina su. Na'urar ɗaukar hoto ma haka take yi, ido ɗaya gare ta, a wuri ɗaya take tsaye. Saboda mun tashi cikin irin waɗannan hotuna, sai muka ɗauka su kaɗai ne daidai. A nan ne na yi kuskuren da zan ba ku labarinsa.

Ranar da muka je dutse

Wata Asabar da safe Malam ya nemi izni ya fita da mu zuwa duwatsun da ke da zane. Sanannu daga cikinsu su ne Dutsen Mesa, da Dutsen Habude, da Dutsen Murufu, kuma suna cikin wuraren tarihi na ƙasa waɗanda Hukumar Gidajen Tarihi take kula da su. Mutanen gari sun san da su tun kaka da kakanni, amma labarinsu ya shiga littattafan duniya ne a shekarun 1950, ta hannun Bernard Fagg, Baturen nan na gidan tarihi na Jos wanda ya yi suna wajen binciken kayan Nok. A nan Birnin Kudu ne, a 1955, ya lura da duwatsun da in an buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar kuge. Jikinsu duk 'yan gurabe ne da suka yi sulɓi saboda daɗewar bugu. Bayan ya ba da labarinsu aka shiga gano irinsu a wurare da dama a Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka.

Zanen yana ƙarƙashin manyan duwatsu ne da suka yi rumfa, inda ruwan sama ba ya dukansa kai tsaye. Da muka isa na duba na ga shanu ne, yawancinsu da jan launi, waɗansu sun dushe sai ka ƙura ido kafin ka raba su da jikin dutsen. Babu ƙasa a ƙarƙashin ƙafafunsu, babu itace, babu layin ido, babu ko ɗaya daga cikin lissafin da muka sha wahalar koyo. Ni kuwa da ilmin sati uku a kaina, sai na ce da ƙarfi, "Malam, ai waɗannan mutane ba su iya zane ba. Ko ƙanena na firamare zai fi su."

Malam bai yi fushi ba. Ya ce, "Zauna. Ba za ka sake magana ba sai ka cika rabin shafi da abin da idonka ya gani. Ban ce abin da kake tsammani ba, abin da ka gani." Ya ce da sauran ma haka. Muka zauna a kan dutse kowa da littafinsa, kusan minti 20 ba mai cewa uffan.

Da na fara rubutu sai abubuwa suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Jikin kowace saniya ta gefe aka zana shi, amma ƙahonin biyu duk sun fito, kamar ta juyo tana dubanka. Waɗansu ƙahoninsu dogaye ne, waɗansu gajeru. Ba dukansu ne aka yi da salo ɗaya ba. Sai can wajen ƙarshen shafi na lura da abin da ya fi kome muhimmanci, wanda da farko na tsallake shi: shanun nan ba su da tozo.

Duk wanda ya taɓa shiga kara a kasuwar Sara ko wata kasuwar ƙauye ya san shanunmu na yau, bunaji da rahaji da bokolo, kowannensu da tozonsa. Shanu marasa tozo yanzu sai ka nufi kudu inda ake da muturu, ko ka je tafkin Chadi inda ake da kuri masu manyan ƙahoni. Masana tarihin dabbobi sun nuna cewa marasa tozon ne suka riga masu tozo zuwa Afirka ta Yamma. Ashe ke nan dutsen nan yana ba da shaidar irin shanun da aka yi kiwo a wannan ƙasa tamu kafin waɗanda muka sani. Ni da na ce mai zanen bai iya ba, ga shi ya ajiye mini labarin da babu shi a littafin tarihinmu na aji, kuma saura kaɗan in tafi ban karanta ba.

Tambayoyi huɗu

Bayan mun karanta abin da muka rubuta, Malam ya ba mu tambayoyi huɗu, ya ce a yi wa kowane zane su, bi da bi, kada a tsallake.

Ta ɗaya: me na gani? A lissafa abubuwa, da launi, da layi, ba yabo ba suka.

Ta biyu: yaya aka shirya su? Me ke gaba, me ke baya, wace dabara aka yi amfani da ita, wacce aka bari, kuma ina aka tsayar da mai kallo?

Ta uku: me mai zanen yake so in sani? A nan ne ake fassara, amma kowace fassara sai an nuna mata shaida a jikin zanen.

Ta huɗu, kuma ta ƙarshe: ya cim ma abin da ya nufa? Laifina shi ne na fara da ta huɗu, kuma na auna mutumin da mudun da ba nasa ba.

Da muka bi tambayoyin nan a kan shanun sai magana ta fito fili. Makiyayi ba ya gane saniyarsa da nisan da ke tsakaninta da itace. Da ƙirar jikinta da ƙahonta yake gane ta. Jikin saniya ya fi bayyana ta gefe, ƙahoni kuwa sun fi bayyana ta gaba, domin in ka dube ta ta gefe sosai ƙaho ɗaya yakan tare ɗan'uwansa. Sai mai zanen ya ɗauko kowane sashe ta inda ya fi fitowa, ya haɗa su. Alberti ya zana abin da ido ɗaya yake gani daga wuri ɗaya. Mutumin Dutsen Mesa ya zana abin da ya sani game da saniya bayan ya zagaya ta sau dubu.

Ba shi kaɗai ya yi haka ba. A kogon Lascaux na ƙasar Faransa, wanda waɗansu samari huɗu suka gano a 1940, akwai bijimai da aka zana wajen shekara 17,000 da suka wuce, jiki ta gefe, ƙahoni a karkace suna fuskantar mai kallo. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna sukan zana fuska ta gefe, ido da kafaɗu ta gaba, kuma sarki yakan fi kowa girma a bango, ba don ya fi kusa ba sai don ya fi daraja. Wannan ya koya mana mu yi hattara da dabara ta biyu: girma a cikin zane wani lokaci nisa yake nunawa, wani lokaci muƙami. Haka kuma Malam ya gargaɗe mu game da dabara ta farko. A zanen dutse, in ka ga dabba ta hau kan wata, kada ka yi saurin cewa tana gabanta. Mai yiwuwa wani ne ya zo bayan shekaru masu yawa ya yi nasa a kan na magabacinsa. Zurfin da ke nan na zamani ne, ba na fili ba.

Giwa, barewa da kakata

Akwai wani labari da Malam ya ba mu wanda ya daɗe yana yi mini yawo a ka. A 1960 wani mai bincike a Afirka ta Kudu, William Hudson, ya buga sakamakon wani gwaji. Ya nuna wa mutane zanen maharbi riƙe da mashi, da barewa a gabansa, da kuma wata 'yar ƙaramar giwa a kan tudu a tsakaninsu. A jikin takarda giwar ta fi kusa da tsinin mashin, amma an ƙanƙanta ta ne don a nuna tana nesa. Sai a tambayi mutum wacce maharbin yake nufi. Da yawa daga cikin waɗanda ba su saba da hotunan littafi ba suka ce giwa. Waɗansu suka ɗauki wannan suka riƙa cewa wai 'yan Afirka ba sa ganin zurfi a hoto. Daga baya waɗansu masana suka soki gwajin, suka nuna cewa zanen layi ne tsurarsa, alamun nisa kaɗan ne a cikinsa, kuma abin da ya auna shi ne sabo da wata al'ada ta zane, ba lafiyar ido ko kaifin hankali ba.

Da na je hutu gida na zana irin wannan hoto na kai wa kakata. Ta karɓa ta juya shi, ta ce, "Kai maigida, wace irin giwa ce wannan da ba ta kai barewa ba? Ko yunwa ce ta kama ta?" Na yi dariya na ce, "Iya, ai nesa take." Ta ce, "To, da ka faɗa mini. Ni na ga duk a takarda ɗaya ka zuba su." Da na nuna mata tudun, na kwatanta mata da yadda raƙumi yake zama kamar akuya in yana can bakin daji, nan take ta gane, har ta ce in ƙara ɗaga giwar sama kaɗan.

Da yamma kuma muna zaune a ƙofar gida sai ta hango wani mutum can nesa a kan hanya, ni ɗigo kawai nake gani, ta faɗi ko wane ne daga tafiyarsa, ta ce kuma kafin ya iso an kira magariba. Haka aka yi. Sa'an nan ta ɗauko faifan da take saƙa ta ce in gaya mata inda ta fara da inda launi zai koma a zagaye na gaba. Na duba na duba, na kasa. Ta ce, "Ashe kai ma akwai takardar da ba ka iya karantawa." Tun ran nan na tabbata kallon zane karatu ne kamar kowane karatu. Wanda ba a koya masa baƙaƙen ba ba makaho ba ne, wanda aka koya masa iri ɗaya kuma bai sauke ba tukuna.

Amfanin wannan ilmi

Mahaifina ya taɓa ce mini, "Wannan zane-zane naku zai ba ka abinci?" Tambaya ce ta gaskiya, na kuma san iyaye da yawa suna yin ta, saboda haka ga amsar da na samu.

A darasin lissafi ana zana mana akwati a allo a ce mu nemo tsawon layin da ya ratsa cikinsa daga kusurwa zuwa kusurwa. Ɗalibin da bai ga zurfi a zanen ba, murabba'i biyu da 'yan layuka kawai yake gani, ya faɗi tun kafin ya fara. A labarin ƙasa ana ba mu taswira mai layukan tudu, inda suka matsu da juna hawa ne mai tsauri, inda suka ware gangare ne mai sauƙi, sai wanda ya iya ɗaga dutse daga takarda a cikin kansa zai amsa. A ilmin halittu ana nuna mana zuciya an yanka ta biyu. Magini yana karanta zanen gida kafin a haƙa harsashi, makaniki yana karanta zanen inji, safiyo yana karanta taswira, likita yana karanta hoton ƙashi. Ko tela sai ya hango riga a jikin mutum tun tana shimfiɗe a tebur. Duk dabarun nan biyar ana iya koyonsu da zanen gida, da hanya, da itace, da dutse.

Akwai kuma wani amfani da ya shafi zamanin da muke ciki. Hotuna suna shigo mana ta waya dare da rana. Mai ɗaukar hoto yana iya tsayawa a inda mutum 50 za su zama kamar sun cika fili, ko ya kusanto da kifi bakin na'ura ya zama kamar ya kai mutum. Wanda ya saba tambayar "ina aka tsayar da ni?" ba a cika yi masa wayo da hoto ba.

Roƙona

Zan rufe da roƙo. Ranar da muka je dutse, wani abokina ya buɗe gorar ruwansa zai watsa wa zanen don launin ya fito a hoto, wani kuma ya ciro alli zai rubuta sunansa a gefe. Malam ya hana su. Ba mugunta ce ta sa su ba, rashin sani ne, irin wanda ya sa ni na ce ƙanena zai fi mai zanen. Ruwa yana narkar da gishirin da ke cikin dutse, in ya bushe sai ya ɓamɓaro launi. Hannu yana barin maiƙo, hayaƙin wuta yana barin baƙi. Kogon Lascaux da na ambata sai da hukuma ta rufe shi a 1963, domin numfashin masu ziyara kawai ya fara lalata zanen. In numfashi ya yi haka, ina ga gawayi da fenti da gudumar masu fasa dutse? Abin da ya ɓace a jikin dutsen nan ba mai iya mayar da shi, domin masu shi sun tafi, shanunsu ma sun tafi.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya sami zarafi ya je ya gani da idonsa, gani ya kori ji. Ya tafi da littafi da fensir, ya bar alli a aji, ya zauna ya cika rabin shafi kafin ya buɗe baki. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, haka wucewa ta gefen dutse a mota ba ganinsa ba ne. Ina kuma roƙon iyayenmu, idan kun ga yaro ya miƙa hannu da fensir ya rufe ido ɗaya yana auna rumbu, kada ku ce ya zauce ko yana ɓata lokaci, aikin makaranta yake yi. In da hali ma ku ce ya nuna muku, ku kuma ku nuna masa irin naku karatun, na faifai da hula da bangon ɗaki.